Malaman lesin na Kambirij da tambayoyin motsi da faɗuwa

Sana'ar malamin lesin, wato wanda ɗalibi ke biya a gefe don ya zaunar da shi a kan tambayoyin da suka gagare shi, ta kai ƙololuwarta a fannin lissafin motsi a garin Kambirij na Ingila cikin ƙarni na 19. A can ne Isaac Newton ya yi aiki, a kwalejin Trinity, kuma a 1687 ya fitar da littafinsa Principia, wanda ya shimfiɗa dokoki uku na motsi, ya kuma nuna cewa ƙarfin da ke jawo dutse ƙasa shi ne ke riƙe wata a kan hanyarsa. Jami'ar ta rungumi wannan ilimi har ya zama ƙashin bayan jarrabawarta ta digiri, wadda ake kira Tripos.

Da farko jarrabawar ta baka ce, ana muhawara da Latinanci. Cikin ƙarni na 18 ta riƙa komawa ta takarda da alƙalami, kuma wannan sauyi ne ya buɗe kasuwar lesin. Muhawara tana buƙatar baki, ita kuwa takarda tana buƙatar hannun da ya saba warware tambaya kafin lokaci ya ƙure. A 1854 an yi takardu 16 cikin kwana 8, jimillar awa 44 da rabi, da tambayoyi 211, duk a watan Janairu, a tsakiyar hunturu. Ana jera sunayen waɗanda suka ci daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, a karanta a bainar jama'a, jaridu su buga. Zakaran shekara, mai laƙabin Senior Wrangler, ƙofofin aiki a buɗe suke gare shi. Na can ƙasan jerin kuwa abokansa kan miƙa masa cokalin katako don zolaya.

Irin tambayoyin da ake yi ana iya ganin samfurinsu a na'urar George Atwood, wani malamin Trinity da ya bayyana ta a 1784. Abu idan ya faɗo sakaka, gudunsa na ƙaruwa da kusan mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, saurin da agogon wancan zamani ba ya iya bi da kyau. Sai Atwood ya rataya nauyi biyu a bakin zare ɗaya, ya ɗora zaren a kan ɗan faifai mai juyawa. Idan ɗaya kilo 3 ne ɗayan kilo 2, bambancin kilo 1 ne kaɗai ke jan kilo 5 gaba ɗaya, don haka ƙaruwar gudun takan sauko zuwa kashi ɗaya cikin biyar, kusan mita 2 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa ke nan. Faɗuwar ta yi sanyin da ido zai bi, a auna, a gwada da lissafi. Daga wannan tushe ake ƙara wa tambaya wuya: a ba faifan nauyi, a kwantar da ɗaya nauyin a kan gangara, a sa gogayya.

Laccocin jami'a da na kwalejoji ba sa shirya ɗalibi don irin wannan gwaji. Mai son fitowa a sahun gaba dole ya nemi malami na kansa. Wanda ya fara yin suna a wannan aiki shi ne William Hopkins. Noma ya fara yi, bai ci riba ba, ya shiga kwalejin Peterhouse a 1822 yana dab da shekara 30, ya fito na bakwai a 1827. Da yake yana da aure, dokar lokacin ta hana shi kujerar malanta a kwaleji, sai ya kama lesin. A hannunsa George Stokes da Arthur Cayley da William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, da James Clerk Maxwell suka wuce.

Ɗalibinsa Edward Routh, haifaffen Quebec a Kanada, shi ya zo na ɗaya a 1854, Maxwell na biye da shi. Routh ya gaji sana'ar ya kai ta inda ba wanda ya ƙara kai ta. Tsakanin 1855 da 1888 ya koyar da ɗalibai fiye da 600, kuma an yi sama da shekara 20 a jere ba a sami zakaran da ba daga ɗakinsa ya fito ba. Lord Rayleigh da J. J. Thomson, waɗanda dukansu suka ci kyautar Nobel, suna cikinsu. Ba ɗaya-ɗaya yake zama da su ba. Yakan raba su ƙananan azuzuwa gwargwadon ƙarfinsu, ya tsaya gaban allo da alli, abin da bai zama ruwan dare ba a jami'ar a lokacin. Kowane mako akwai takardar tambayoyi. A warware, a kawo, ya duba, ya fitar da maki kowa ya ga matsayinsa, ya kuma ajiye nasa amsoshin don a ga gajeriyar hanya. Abin da ya tara a wannan aiki ya zuba a littafinsa na 1860 kan motsin daskararrun abubuwa, wanda aka yi ta sake bugawa.

Tsarin ya fitar da ƙwararru, wannan ba gardama, amma yana da tsada ta wani gefen. Ɗalibi kan shafe shekara uku yana koyon dabarun cin jarrabawa, lissafin da ake ƙirƙirowa a Jamus da Faransa kuwa na wuce shi. G. H. Hardy, wanda ya zo na huɗu a 1898, ya tsani horon da ya sha a hannun Robert Webb, babban malamin lesin bayan Routh, kuma yana cikin waɗanda suka matsa a yi gyara. Mata ma suna gefe: a 1890 Philippa Fawcett ta kwalejin Newnham ta fi zakaran shekarar maki, amma ba a ba ta laƙabin ba, domin sai a 1948 jami'ar ta fara bai wa ɗalibai mata cikakken digiri.

A 1909 aka karanta jerin sunaye bisa maki a karo na ƙarshe. Da gasar ta mutu, kasuwar manyan malaman lesin ta bi ta, kwalejoji suka ɗauki aikin zama da ɗalibai kan jingarsu a matsayin nauyinsu. Salon tambayoyin bai tafi ba. Ɗaliban Hopkins da Routh sun bazu suna koyarwa da rubuta littattafai a Birtaniya da ƙasashen da take mulka, kuma takardun jarrabawar Kambirij ne ɗaliban sakandare a Najeriya ke rubutawa kafin a kafa hukumar WAEC a 1952. Zare marar nauyi, faifai marar gogayya da ƙwallon da aka cilla sama ba tare da lissafa iska ba suna nan a littattafan fiziks na sakandare har yau.