Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Malamanmu da 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, idan aka dubi tarihin ruwa a yankinmu, za a ga cewa tambaya biyu ce kullum: ina ruwan yake, kuma da wane ƙarfi za a ɗago shi? Lita 1,000 ta ruwa nauyinta tan guda ne, ko da guga aka jawo ta ko da inji.

Iyayenmu a Kanya Babba da ƙauyukan Babura da ƙarfin damtse suka biya wannan farashi. Guga da igiya ne, sai tulu a kan mata da yara, sai jaki idan rijiya ta yi nisa. A Kazaure da Roni da Gwiwa kuwa, inda dutse ya yi yawa, ruwan a tsagar dutse yake ɓuya, shi ya sa haƙa rijiya ke da wuya.

Farin shekarun 1972 zuwa 1974 ya ƙafar da rijiyoyi, dabbobi suka hallaka. A wannan zamani ne gwamnatin marigayi Audu Bako ta tsohuwar Jihar Kano ta duƙufa wajen gina madatsun ruwa, aka kammala na Tiga a 1974. Amma ruwan dam ba ya hawa tankin gari da kansa, sai inji ya tura shi, inji kuwa sai da lantarki ko man gas.

Bayan farin 1984, hukumar KNARDA da kuma DFRRI, wadda aka kafa a 1986, suka baza famfunan tuƙa-tuƙa a karkara. Daga baya aka koma burtsatse mai janareta, wanda Jihar Jigawa ta ci gaba da shi bayan ƙirƙiro ta a 1991. To, nan gizo ke saƙar: duk ranar da babu mai, babu ruwa, sai 'yan ga-ruwa su ƙara wa jarka kuɗi. Mun sake ganin haka bayan janye tallafin man fetur a 2023.

Ba mu kaɗai ba ne. Ruwan famfon da alhazanmu ke amfani da shi a Makka yawancinsa na Bahar Maliya ne, ana cire masa gishiri a Shu'aiba, sannan a turo shi ta bututu. Saudiyya na iya wannan ne domin tana da man da za ta ƙona.

Mu kuwa rana Allah ya hore mana, kuma burtsatse mai sola ya rage kuɗin mai ƙwarai. Sai dai famfo yakan lalace, allon sola yakan shiga hannun ɓarayi. Saboda haka, idan ƙungiyarmu za ta haƙa wa makarantarmu ko garinmu burtsatse, mu ware kuɗin gyara da na mai gadi tun ranar farko. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.