Tarihin akwatin kiɗa mai aiki da lantarki

Ƴan uwa, kowane abin kiɗa da inda muryarsa take fitowa. Muryar kalangu daga fata take, ta goge daga tsirkiya, ta algaita kuwa daga numfashin mai busa. Amma akwai wani akwatin kiɗa wanda ba shi da fata, ba shi da tsirkiya, ba a kuma busa shi. Sunansa sintetiza. A ƙasarmu mutane sun fi ce masa fiyano.

Yaya yake yin murya? A cikinsa wutar lantarki ce take kaɗawa. In ta kaɗa da sauri, sai murya ta fito siririya. In ta kaɗa a hankali, sai ta fito da kauri. Mai kiɗa yana danna maɓallai farare da baƙaƙe, lasifika kuma ta fiddo muryar. Ta haka akwatin yake kwaikwayon sarewa, ko ganga, ko garaya.

Wani mutumin Amurka mai suna Robert Moog ya nuna irin nasa a shekarar 1964. Ƙato ne, ga wayoyi birjik, ga tsada. A 1970 ya fiddo ƙarami wanda mutum ɗaya zai iya ɗauka. A 1983 kamfanin Yamaha na ƙasar Japan ya fiddo wani mai suna DX7, ya bazu cikin duniya.

A nan Nijar, wanda aka fara sani da irin wannan kiɗa shi ne Mamman Sani. Ya sayi wani akwatin kiɗan lantarki ƙirar Italiya daga hannun wani mutumin Ruwanda. Da shi ya riƙa kaɗa waƙoƙin ƙasarmu, har da na Fulani da na Buzaye. A 1978 aka ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasa a Yamai, aka yi kaset kaɗan. Shekara da shekaru ana sa kiɗan nan tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin. A 2013 aka sake buga shi a ƙasashen waje, duniya ta ji shi.

Daga baya fiyano ya shiga waƙoƙin finafinan Hausa na Kano, ya shiga gidajen biki. Nan ne damuwa ta taso. Aikin da makaɗa biyar suke yi, sai yaro ɗaya ya yi shi da yatsunsa. Makaɗin da ya gaji kalangu daga ubansa yakan rasa mai gayyatarsa, abincinsa ya ragu.

To amma akwatin nan ba shi da waƙa tasa. Abin da aka zuba masa shi yake fiddowa. Mamman Sani waƙoƙin gida ya zuba wa nasa, shi ya sa mutane suka gane su da jin farko. Saurayin da ya sayi fiyano, ya kamata ya zauna wajen tsofaffin makaɗan garinsu ya koyi take da kirari tun suna da rai. In sun tafi da abin da suka sani, ba kantin da ake sayar da shi.