Daga turu zuwa takardar amincewa

A ƙauyukan Bakori, idan mutum ya samu taɓin hankali, ba a cika tambayarsa abin da yake so ba. Uba ko babban wa ne ke yanke shawara: a kai shi wurin malami ya sha rubutu, a nemi boka, ko a kira 'yan bori su yi masa girka. Idan yana duka ko yana shiga daji, sai a sa masa mari, ko a ɗaure ƙafarsa a turu a bayan gida. Mafi yawan iyalai tsoro ne ya sa su yin haka, kada ya faɗa rijiya ko ya ji wa wani ciwo. Amma akwai waɗanda suka yi shekara da shekaru a ɗaure bayan lafawar ciwon.

Fiƙihun Malikiyya ya ɗauke wa mahaukaci alhakin aikinsa, ya kuma ɗora wa waliyyi tsaron dukiyarsa. Turawa da suka zo, tsare shi suka fi damuwa da shi. Dokarsu ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ta ba majistare da likita ikon a killace mutum ba tare da yardarsa ba. Gidajen mahaukata na farko a Kalaba da Yaba suke, nesa da ƙasar Katsina, don haka a Arewa gidan yarin En'e ne yakan karɓi wanda ya gagari danginsa.

Wannan doka ce ke aiki har a 2019, shekarar da 'yan sanda suka fasa gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane sama da 300, sannan suka fasa wani a Daura. Da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi.

A Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ta ce a yi wa majinyaci bayani, a nemi amincewarsa kafin magani, kuma kwantar da shi dole yana da sharuɗɗa. Gyara ne da ya daɗe da cancanta. Sai dai manomin Bakori da ɗansa ya rikice ana tsakiyar girbin masara, sai ya nemi kuɗin mota zuwa asibitin Shika a Zariya, ko Barnawa a Kaduna, ko Katsina, kafin ya ga likitan da zai tambayi yaron ko ya yarda.