Me ya sa in aka ce mai taɓin hankali, namiji muke hangowa?

1/ Zaren yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Kan sikizofireniya ne, larurar ƙwaƙwalwar nan da mutum ke jin muryoyin da babu su, ko ya riƙa zargin ana farautarsa, ko ya janye daga mutane kwata-kwata. Maza sun ɗan fi mata kamuwa da ita, amma tazarar ba ta kai yadda muke zato ba. To ina matan suke?

2/ A shekarun 1890 likitan Jamus Emil Kraepelin ya ware ciwon, ya ba shi suna mai ma'anar lalacewar hankali tun da ƙuruciya. Sunan da muke amfani da shi yau kuwa Eugen Bleuler na Siwizalan ne ya raɗa a 1908. Dukansu a gidajen killace marasa lafiya suka yi nazarinsu.

3/ Haka Turawa suka kawo mana abin. Gidan killacewa na Kalaba a 1904, na Yaba a Legas a 1907, sai dokar 1916. Ba magani aka nufa ba, tsarewa ce. Wa ake kamawa? Wanda ya tayar da hankali a kasuwa ko a titi. Mafi yawansu maza. Mace tana cikin gida, ɗan sanda bai gan ta ba, don haka ba ta shiga lissafi ba.

4/ 1952 aka fara ba da maganin chlorpromazine a Faransa. Sannu a hankali aka riƙa sallamar mutane su koma cikin danginsu. A nan ne fa bambancin ya fito fili.

5/ Binciken da Heinz Häfner ya jagoranta a Jamus daga ƙarshen shekarun 1980 ya nuna ciwon kan riga kama maza da shekara uku zuwa huɗu. Namiji yawanci daga ƙarshen samartaka zuwa farkon shekara ashirin da wani abu. Mace sai can gaba, sannan a sake ganin sababbin kamu wajen shekara 45 zuwa 50, lokacin ɗaukewar al'ada. Shi ya sa ake zaton sinadarin estirojin na ba mace wata kariya.

6/ Za ka ce shekara huɗu me ce? Ka tuna inda kake a shekara 19. Kana aji ɗaya ko biyu a jami'a, ko kana koyon ɗinki ko gyaran waya. Ba sana'a a hannu, ba aure, ba ka tara komai ba. Ciwon ya zo ya yanke komai tun bai tsiro ba. In aka haɗa da wiwi, wadda aka tabbatar tana ƙara haɗarin kuma maza suka fi sha, sai a ce ai shaye-shaye ne, a kai shi gidan mari. Kun tuna samamen Rigasa a Kaduna a 2019? Ɗaruruwan maza da yara maza aka fito da su, wasu da mari a ƙafa. Ba dukansu ke da larurar ƙwaƙwalwa ba, amma irin wurin da ake kai masu ita ke nan.

7/ Littattafan likitanci suna cewa mace ta fi samun sauƙi: ciwon ya tarar da ita da aure, da ƙawaye, wataƙila da aiki, kuma ƙaramin magani kan ishe ta. Ban musa ba. Amma a wurinmu ni ina ɗaukar wannan "sauƙin" da taka-tsantsan. Auren da aka ce kariya ne, shi ke fara mutuwa. A ce aljanu ne, a yi ta ruƙiyya shekara da shekaru, sannan takarda ta biyo baya, ta koma ɗakin uwarta, 'ya'yan kuma a karɓe. Tana da ƙanne 'yan mata, don haka ba mai son zancen ya fita waje.

8/ Wani ɓangaren da na ga ba a cika faɗa ba: masu jinya. A 1954 Dakta Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda marar lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani nasa, yana zuwa asibiti da rana. Duniya ta yaba. Amma wannan "wani nasa" sau da yawa uwa ce ko 'yar uwa. Har yau ku leƙa layin karɓar magani a Dawanau ko Barnawa ku ƙirga su wa suka rako marasa lafiya.

9/ Ko maganin ma ba ɗaya yake musu ba. Wasu ƙwayoyin kan tsayar wa mace da al'ada ko su sa nono ya kawo ruwa ba tare da ciki ba, ku yi tunanin wannan ga budurwa a gidan iyayenta. Namiji kuma su rage masa ƙarfin mazakuta. Kunya ta hana faɗa wa likita, sai a daina sha a ɓoye, ciwon ya dawo. Alhali akwai wasu magungunan da za a iya canza wa mutum in ya yi magana.

10/ Dokar Turawan nan ta killacewa, wadda aka sabunta a 1958, ita Najeriya ta ci gaba da aiki da ita har Janairun 2023, lokacin da aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Wato mu ma a ƙarƙashinta aka haife mu.