Ƙofar Sarki: Littafin da Al-Maghili Ya Rubuta wa Rumfa

A wajen shekarar 1492 wani malami mutumin Tilimsan, a ƙasar Aljeriya ta yau, ya sauka a Kano. Sunansa Muhammadu bin Abdulkarim Al-Maghili. Ya baro Tuwat bayan wata rigima mai zafi da ya jagoranta a kan Yahudawan yankin da ɗakin ibadarsu, rigimar da ta raba kan malaman Magrib, ta kuma bar masa suna na mai tsauri. Sarkin da ya tarar a Kano shi ne Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Daga haɗuwar mutanen nan biyu aka sami ɗan ƙaramin littafi da ake kira Tajuddini fi ma yajibu alal muluki, wato bayanin abin da ya wajaba a kan sarakuna. Yana cikin tsofaffin rubuce-rubuce a kan tsarin mulki da aka yi a ƙasar Hausa, kuma duk da ƙanƙantarsa ya fi manyan kundaye da yawa tsawon rai.

Kafin a buɗe littafin, ya kamata a dubi fadar da aka rubuta shi dominta. Kundin Tarihin Kano ya jingina wa Rumfa sababbin abubuwa goma sha biyu. A cikinsu akwai ginin Gidan Rumfa, da kafa Kasuwar Kurmi, da majalisar Tara ta Kano, da kakaki, da figini, da kulle, da bai wa babanni manyan muƙamai. In aka tara su wuri ɗaya za a ga inda suka dosa: sarauta tana ƙara girma da kwarjini, kuma tazarar da ke tsakanin sarki da talaka tana ƙara faɗi. Wanda a da zai iya tsayawa gaban sarki ya faɗi kukansa, yanzu sai ya ratsa soro bayan soro, kowane soro da mai tsaronsa.

Littafin babi takwas ne. Ya fara da kyautata niyya, sai kyautata kamala da shiga, sai tsara masarauta da ma'aikatanta, sai taka-tsantsan a gida da tafiya, sai binciken al'amura, sai adalci a shari'a, sai tara dukiya ta hanyar halal, sannan ya rufe da yadda za a kashe ta. Amma akwai magana ɗaya da Al-Maghili yake ta komawa gare ta a ƙarshen babobin, kamar amshin waƙa. Ma'anarta ita ce babu masifar da ta kai sarki ya ɓoye kansa daga talakawansa, domin daga nan sauran masifu suke tsirowa. Malamin da ya zaɓi ya nanata wannan a fadar da take tsakiyar gina katanga ya san abin da yake yi.

Abin lura shi ne bai yi faɗa da kwarjini ba. A babi na biyu shi da kansa ya umarci sarki ya kula da tufafinsa da zamansa da maganarsa, ya guji yawan wasa da ƙyaƙyata dariya a gaban jama'a. Abin da ya ƙi shi ne kwarjinin ya zama shamaki. Dalilinsa kuwa na aiki ne ƙwarai. Sarkin da ba a iya kaiwa gare shi ba ya sanin ƙasarsa sai ta bakin waɗanda suka kewaye shi, kuma su ne mutanen da suka fi kowa ribar ɓoye masa gaskiya. Hakimi ya zalunci ƙauye, alƙali ya karɓi toshiya, mai karɓar haraji ya ƙara nasa a kai. Duk waɗannan suna buƙatar abu guda kafin su kwana lafiya, wato kada wanda aka cuta ya isa gaban sarki. Saboda haka Al-Maghili ya ce lallai sarki ya zauna wa jama'a kowace rana a inda mata da yara ma za su iya riskarsa, kuma naɗa alƙalai bai sauke masa wannan nauyi ba, tun da yana yiwuwa alƙalan ne ake ƙara.

Daga wannan tushe sauran shawarwarin suka fito. Ya nemi sarki ya riƙa bincikar halin waɗanda ke tsare a kurkuku da dukiyar marayu. Ya nemi a ƙidaya dukiyar mutum kafin a ba shi muƙami, a ci gaba da sa masa ido, in an ga ta haura abin da aikinsa zai iya kawowa a karɓe rarar a mayar baitulmali. Ya haramta sayar da muƙami da karɓar cin hanci. Wanda ya taɓa cike takardar bayyana kadarori ta Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata a Najeriya zai gane cewa tunanin ya girmi hukumar da shekaru kusan ɗari biyar.

Al-Maghili ba shi ya ƙago wannan fanni ba. Malaman Musulunci sun daɗe suna rubuta nasiha ga masu mulki. Al-Mawardi, wanda ya rasu a Bagadaza a 1058, ya ware babi guda a Al-Ahkamus Sulɗaniyya a kan zaman sauraron koke-koken waɗanda aka zalunta. Nizamul Mulki, wazirin sarakunan Saljuk da aka kashe a 1092, ya ba da shawara a Siyasatnama cewa sarki ya zauna sau biyu a mako ya ji kukan talaka ba tare da ɗan aike a tsakani ba. Abin da Al-Maghili ya yi shi ne ya tace wannan gado, ya taƙaita shi yadda sarki mai hidima zai iya karance shi a zama ɗaya, ya kuma ɗora dukan ginin a kan wannan ginshiƙi guda.

Kimanin shekara ashirin bayan haka, a 1513, wani korarren ma'aikacin gwamnatin Filorans a Italiya, Nikolo Makiyabeli, ya rubuta nasa littafin na nasiha ga mai mulki, wanda ya fi kowanne shahara a Turai. Shi ma ya ga wannan matsala, har ya ware babi na 23 a kan 'yan fadanci. Sai dai maganinsa daban ne: ya ce shugaba ya zaɓi 'yan mutane kaɗan masu hikima, ya ba su kaɗai izinin faɗa masa gaskiya, kuma a kan abin da ya tambaye su kawai, don kada kowa ya raina shi. Ciwo ɗaya suka gani, amma ɗaya ya ƙuntata ƙofa, ɗaya ya buɗe ta. Bambancin ya samo asali daga tambayar da kowannensu ya sa a gaba. Makiyabeli yana neman yadda shugaba zai riƙe mulkinsa. Al-Maghili yana neman yadda sarki zai sauke amanar da za a tambaye shi a kanta ranar gobe ƙiyama.

Daga Kano Al-Maghili ya wuce Gawo, inda ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu na Songhai, ya rasu a wajen 1504. Rubuce-rubucensa suka ci gaba da yawo a hannun almajirai har shekara ɗari uku, sannan suka sami sabon aiki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa hujja da amsoshinsa ga Askiya a cikin Sirajul Ikhwan, wajen ƙalubalantar sarakunan zamaninsa. Nasihar da aka rubuta wa masu gadon sarauta ta koma ma'aunin da aka auna magadansu da shi. Ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, ya ɗauki ma'aunin ya juya shi ga mutanensa. A wajen 1807, da ya ga son mulki da abin duniya sun fara shiga zukatan wasu daga cikin masu jihadi, sai ya bar rundunar da niyyar tafiya Gabas. Mutanen Kano suka tsayar da shi, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake gudanar da mulki, ya rubuta Diya'ul Hukkami. Garin da aka rubuta wa Rumfa nasiha, a nan aka sake rubuta ta ga waɗanda suka karɓi gidansa. A 1932 kuma T. H. Baldwin ya fitar da fassarar Tajuddini da Turanci, littafin ya shiga hannun masu mulki na uku.

Yau soraye sun zama ofisoshin sakatarori da jerin gwanon motoci da masu taimakawa na musamman, kuma ba a fadar gwamnati kaɗai ba. Shugaban asibiti, da shugaban jami'a, da manajan kamfani, kowannensu yana da mutanen da suke tace abin da zai isa kunnensa. Gwajin da Al-Maghili ya bari mai sauƙi ne, kuma kowa zai iya yi wa kansa shi: in mafi rauni a ƙarƙashinka yana da ƙara a kan mafi kusa da kai, ta wace ƙofa zai shigo?