Auratayya da Muƙami a Gidajen Sarautar Rasha a Zamanin Mongol

Bayan mamayar Batu Khan daga 1237 zuwa 1240, babbar sarautar Biladimir ta koma hannun Khan: sai wanda ya ba wa takardar naɗi, wato yarlik, ke hawa. A tsohuwar al'ada kuwa ƙane ke gadon wa, kuma wanda ubansa bai taɓa hawa ba, ba shi da rabo. Tsakanin waɗannan ƙa'idoji biyu ne aure ya sami gurbi.

Auren matan Mongol bai yawaita ba. Gileb na Beloozero ya yi a 1257. Fiyodor na Yaroslabil, wanda ta hannun uwargidansa ya sami garin, daga baya ya auri 'yar Khan, amma majiyoyi sun saɓa kan wane Khan ne. Mafi yawan labarin daga tarihin waliyyancinsa ya fito, wanda yabo ya fi ƙarfi a cikinsa.

Auren da ya girgiza ƙasa shi ne na Yuri na Mosko. Ubansa Daniyil ya rasu a 1303 bai riƙe Biladimir ba, don haka a al'adance Yuri ba ya cikin magada. Wajen 1317 ya auri Konchaka, 'yar'uwar Uzbek Khan, aka yi mata baftisma da sunan Agafiya, ya dawo gida da yarlik da dakarun Mongol. Mikha'il na Tiber, wanda aka ƙwace wa sarautar, ya ci shi da yaƙi a Bortenebo a Disambar shekarar, ya kama amaryar, ta mutu a tsare. Aka zargi Mikha'il da ba ta guba, ba tare da hujjar da ta tabbata ba, aka kashe shi a sansanin Khan a 1318. Ɗansa Dimitiri ya rama a 1325 da kashe Yuri, Uzbek kuma ya kashe shi a 1326.

Daga nan Mosko ta juya ga maƙwabta wajen aure. Simiyon na Mosko ya auri 'yar Gediminas na Lituwaniya a 1333, sannan Mariya ta Tiber a 1347. Auren Dimitiri Donskoy na Mosko da Ebdokiya ta Suzdal, a 1366 ko farkon 1367, ya rufe rigimar yarlik tsakaninsa da mahaifinta. Ɗansu Basili na Ɗaya ya auri Sofiya, 'yar Bitautas na Lituwaniya, a 1391.