Kantu, Sarkin Kokowa na Farko

Ɗan'uwa mai karatu, ka san kokowa ta girmi takobi. A da, in kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, sai ganga ta tashi. Samarin wannan gari su tafi wancan gari. Ko mutum ya iya kaye, sunansa ba ya wuce kasuwa biyu ko uku.

A 1975, zamanin Seyni Kunce, gwamnati ta tara ƴan kokowar jihohin Nijar wuri guda. A ina? A Tawa, nan gida. Aka ajiye takobi, aka ce na wanda ya gagara kayarwa ne.

Mutanen Adar sun so takobin ya kwana gida. Bai kwana ba. Yakuba Ango, wanda ake kira Kantu, ɗan jihar Maraɗi, shi ya tafi da shi. Da ciwo kam, amma ba ƙwace ya yi ba, a fili ya ci, gaban jama'a.

Yau da sunansa ake kiran filin kokowa na Maraɗi. Kowace jiha mutum 10 take aikawa neman takobi. Saurayin Madawa, Buza ko Keita sai ya kada ƴan jiharmu tukuna kafin ya shiga cikinsu.